Shekarun Goɗiya a Kildare da a Ƙasar Hausa

A gundumar Kildare ta ƙasar Ayilan, inda nake zaune, goɗiya ce darajar barga. Mu a gida idon kowa yana kan ingarma, shi ake yi wa ado ranar hawan sallah, shi ake yi wa kirari. Goɗiya kuwa tana can ƙauye a turke, ba a tuna ta sai ana son duƙushi. A nan, daga gidan kiwon dawaki na ƙasa da ke Tully har zuwa bargogin da ke kewaye da filin sukuwa na Curragh, kowace goɗiya da littafinta: ranar da aka haife ta, ranar da aka kai ta wurin ingarma, cikin da ya tsaya da wanda ya zube.

Daga wannan littafi bambancin ya faro. Duƙusa takan fara neman ingarma tun tana wata 12 zuwa 18, alhali jikinta ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 4 zuwa 5. Masu kiwon nan ba su ɗauki neman ingarma shaidar ta isa ba. Galibi sai ta kai shekara 3 ko 4, wadda ake sukuwa da ita ma sai ta bar fili. A wurarenmu da dama, ko don an saki dawaki tare ko don mai ita ya ƙagara ya ga riba, tana nuna alama sai a haɗa ta. Cikin goɗiya wajen kwana 340 ne, kusan wata 11, kuma ƙaramar da ta ɗauka abincinta ya rabu biyu ke nan, na girmanta da na abin da ke cikinta. Ita ta tsumbure, shi ya fito ba ƙwari. Abin yana ci mini rai, domin mai goɗiyar yana sonta, ranar haihuwarta ce kawai ba wanda ya rubuta, sai dai a buɗe baki a duba haƙori a yi kirdado.

Tsufa ma masu kiwon nan suna lura da shi. Daga wajen shekara 15 ɗaukar ciki yakan yi wuya, ɓari ya ƙaru. Wadda ta girma ba ta taɓa haihuwa ba tata ta fi: bakin mahaifarta yakan yi tauri, ruwa ya taru a ciki bayan barbara. In gabanta ya saki yana shigar da iska da ƙazanta, likitan dabbobi yakan ɗinke samansa, aikin da Dakta Caslick ya bayyana a 1937.

Kwana 14 zuwa 16 bayan barbara ana ɗaukar hoton mahaifa. Tagwaye ake dubawa, don goɗiya ba ta cika riƙe biyu ba, yawanci duka ake rasawa. In an gani sai a cire ɗaya da wuri. Tun da wata cutar mahaifa mai bin barbara ta ɓulla a Newmarket ta Ingila a 1977, ba a haɗa ingarma da goɗiya sai an gwada su duka biyun.

Duk da haka ba komai nasu nake so mu ɗauko ba. A dokar dawakin sukuwa na arewacin duniya, kowane duƙushi 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, don haka kowa yana son nasa ya zo da farkon shekara ya fi tsararsa girma ranar gwanjo. Goɗiya kuwa sai rana ta yi tsawo take neman ingarma. Shi ya sa tun daga Disamba ake kunna mata fitila har haskenta ya cika awa 16 a kowace rana, don ta shirya kafin a buɗe barbara ranar 15 ga Fabrairu. Wasu kuma kwana 7 zuwa 10 da haihuwa, mahaifa ba ta gama komawa ba, an mayar da su wurin ingarma. Kasuwa ce ta tsara wannan, kuma jikin dabbar ne ke biya.

Mu Allah ya hutar da mu daga fitila, tunda tsawon rana ba ya sauyawa sosai a Kano ko Damagaram. Damina ce ma'auninmu. In an yi barbara a Yuli ko Agusta, duƙushi zai zo a Yuni ko Yuli, ciyawa ta fito, nono ya wadata, ba a dogara da harawa da dusa masu tsada ba.

Roƙona ga shamakai da masu barga da duk mai goɗiya ɗaya a bayan gida: ku rubuta ranar da aka haife ta, ku yi mata haƙuri ta kai shekara 4, in ta haihu a bar ta aƙalla wata guda. Idan mabiyiya ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba, kada a ja da hannu, a kira likitan dabbobi.