Ranar Da Na Taka Dusar Ƙanƙara A Tsaunukan Atlas

Ƙannena ɗalibai, kun san dusar ƙanƙara na zuba a Afirka? Ni ma ban gaskata ba sai da karatu ya kai ni Marakesh, a Maroko.

A hutun da ya wuce, mu huɗu muka tashi daga ƙauyen Imlil tare da ɗan jagora. Muka kwana a kwarin Azzaden, da asuba muka nufi mashigar Aguelzim, mai tsayin sama da mita 3,500. Alfadarai suka tsaya inda ƙanƙara ta fara. Kowa ya goya kayansa, muka ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalma saboda santsi.

Can sama iskar shaƙa ta yi ƙaranci, taku goma sai haki. Kaina ya sara, yatsuna suka sandare. Na ce zan ɗan kwanta. Ɗan jagoran ya ce, "Ɗan'uwa, wanda ya yi barci a nan ba lalle ya farka ba." Ya ba ni dabino, ya rage sauri.

Da la'asar muka gangara masaukin Tubkal, aka tarbe mu da shayin na'ana'a mai zafi. Ashe hunturun Kano da nake kuka da shi wasan yara ne!