Mai Kama da Wani, a Bakin Bature

Mu da mu ke koyar da Turanci a makarantun ekklesiya, akwai waɗansu kalmomi da su kan ba mu wahala kowace shekara, watau kalmomin da Bature ya ke faɗa sa'ad da mutum ya ɗauki siffar da ba tasa ba. Yaranmu su kan kama guda ɗaya, "pretend", su yi ta noma da ita ko'ina kamar mai fartanya ɗaya. Amma fa kalmomin nan ba ɗaya ba ne. Wata wasa ce kawai, wata kuwa ta kan kai mutum gaban alƙali.

Da Hausa mu kan fara, gama yaro ya riga ya san abin tun a gida. Ya ji labarin maharbi wanda ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya, ya matso kusa da nama. Shigar burtu ke nan, ɓad da kama, Bature ya ce "disguise". Yarinyar da ta zama Maryamu a wasan Kirsimati kuwa ba ta ruɗi kowa ba, kowa ya san 'yar wane ce. Wannan "act" ne.

Wadda mu ke roƙon iyaye su lura da ita ƙwarai ita ce "impersonate", sojan gona. A nan mutum ya ɗauki sunan wani da fuskarsa domin ya ci abin da ba nasa ba. Yaron da ya zauna ya rubuta wa abokinsa jarrabawar WAEC, abin da ya yi ke nan, ko da shi a ganinsa taimako ne. Dokar maguɗin jarrabawa ta Nijeriya ta 1999 ta ambaci laifin nan da sunansa, hukuncinsa tara ne ko ɗauri. Kalmar tana cikin dokokin da a kan karanta wa yara kafin jarrabawa, da yawa kuwa su kan ji ta wuce ba su san nauyinta ba.

Sai kalmomin hura hanci. A nan Hausa ba ta rasa kaya ba: yanga, taƙama, fankama, fariya, ji-ji da kai. Yaranmu sun saba da cewa wane yana "forming", kowa a tasha zai gane. Amma Turancin kasuwa ne, mai duba takarda zai ja masa jan layi. Abin da a ke so shi ne "putting on airs", ko "posing". Akwai kuma "snob", mai rena na ƙasa da shi yana lasar takalmin na sama. Abin dariya, a Ingila a ƙarni na 18 ma'anarta baduku ne mai gyaran takalma. Marubucin nan Thackeray, da littafinsa na 1848 a kan irin mutanen nan, ya taimaka ta zauna kusa da inda ta ke yau.

Wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce "condescend", domin ita kanta ta rikiɗa kamar hawainiya. A dā kalmar yabo ce: babba ya sauko daga matsayinsa ya zauna da ƙanana da zuciya ɗaya. Haka ta ke a Romawa 12:16 cikin juyin Turanci na Sarki Yakubu, na 1611, wanda har yanzu yana cikin gidajenmu da yawa. Yau kuwa in ka ce da shugabanka yana "condescending", zaginsa ka yi, ka ce yana magana da kai yana nuna maka shi ne sama. A ganinmu dalilin ba shi da nisa: masu saukowa da yawa sun so a ga saukowarsu, har na ƙasa su ka gaji. Saboda haka yaron da ya koyi kalmar daga tsohon juyin nan, kada ya sa ta cikin wasiƙar godiya ga hedimasta. "Humble" ko "kind" ta ishe shi.