Tambayar da Ta Tsayar da Darasina

Shekaru da dama na yi ina koyar da darasin haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa a wata makarantar sakandare da ke Lafiya, garin da ya zama hedikwata a ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato. Aji ne mai daɗin shiga: Eggon da Alago da Gwandara da Tibi da Barebari da Fulani duk a benci guda, kuma in an tashi tara Hausa ce ke haɗa su.

Babi na Huɗu na tsarin mulkin 1999 shi ne abin ƙaunarsu, musamman sashe na 35, wanda ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Amma da mun juya ga sashe na 24, inda aka zayyana mutunta tuta da biyan haraji da taimakon hukuma wajen kiyaye doka, sai hamma ta soma zagaya aji. Ban cika ganin laifinsu ba. Manya ma haka muke.

Wata rana ina bayanin sashe na 42, wanda ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalinsa, sai wata yarinya mai yawan shiru ta ɗaga hannu. Ta ce kakanta ya zo daga Katsina fataucin doya, a nan aka haifi babanta, a nan yake biyan harajin shagonsa. Yayanta ya nemi takardar shaidar ɗan asali don neman gurbin karatu, aka ce ya nufi Katsina, inda ba wanda ya san shi.

"To, Malam, ni 'yar ina ce?"

Na so in kauce, domin manhaja ba ta tanadi amsa ba. Sai na buɗe musu sashe na 147, inda aka wajabta naɗa minista daga kowace jiha, kuma aka ce lalle ya kasance ɗan asalinta. Na ce su duba da idonsu, kundi ɗaya ne ya hana bambanci ya kuma bar masa ƙofa. Na ƙara da cewa kundin yana gyaruwa: a 2018, bayan fafutukar matasa, an rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25.

Aikin gida na wannan mako shi ne kowa ya rubuta wa wakilin mazaɓarsa wasiƙa. Tata ta cika shafi uku. Na gyara mata aya da waƙafi, na kuma nuna mata inda za ta sa hannu.