Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Zaɓen Kyautar Kirsimeti a Yamai

Yaran Yamai sun ari kalma ɗaya daga Faransanci, wato "kado", suna kiran kowace irin kyauta da ita. Bahaushe kuwa bai saba tara kyaututtuka a buhu ɗaya ba. Abin da matafiyi ya kawo wa mutanen gida tsaraba ce. Abin da aka bayar domin neman lada sadaka ce. Abin da ƙarami ya kai wa babba gaisuwa ce, abin da saurayi ya ba budurwa toshi ne. Wanda aka ba yaro ranar idi goron salla ne, wanda aka ba ɗan aike tukwici, wanda mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure kuma biki. Kowane suna yana faɗin wanda ya bayar, da wanda ya karɓa, da abin da ake sa ran zai biyo baya. Saboda haka duk wanda ya nufi kasuwa domin sayen kyautar Kirsimeti, ya kamata ya fara sanin sunan abin da zai bayar tun bai taya ba.

Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, amma akwai gidaje uku da suke da hakki a kaina duk watan Disamba. Na farko gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta karɓi addinin Kirista tun tana budurwa a ƙasar Gobir, tsakanin Maraɗi da Tsibiri, inda 'yan mishan suka zauna tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Na biyu gidan maƙwabcina tela, wanda iyayensa suka zo daga Togo, shi kuwa a Yamai aka haife shi, Hausa da Zabarmanci sun fi zama a bakinsa fiye da harshen kakanninsa. Na uku gidan wata abokiyar aikina a jami'a, wadda albashinmu ɗaya. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, amma duk da haka 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance, mako guda bayan bikin Jamhuriya na 18 ga wata. Ranar za ka ji wasu na cewa Kirsimeti, wasu na cewa Nowel, duk abu ɗaya ake nufi.

Babbar Kasuwar Yamai, wadda ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, takan canza kama idan Disamba ta raba. Ana baje bishiyoyin roba, da fitilu masu ƙyaftawa, da ƙwallaye masu walƙiya, da jajayen huluna masu farin baki. Galibinsu daga ƙasar Sin suke zuwa ta tashoshin jiragen ruwan ƙasashen kudu, kuma tun da aka rufe iyakar Binin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, kuɗin hanya ya hau kan farashi. Ita bishiyar al'ada ce ta ƙasashen Jamusawa, wadda ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Sun zaɓe ta ne domin tana nan kore shar a lokacin da sanyi ya kaɗe ganyen sauran itatuwa. Da a ƙasarmu al'adar ta tsiro, da gawo ne bishiyar Kirsimeti, tun da shi ne yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani lokacin da daji ya bushe. Ba na raina bishiyar roba, domin na ga yadda idon yara yake haske idan an kunna fitilunta. Sai dai ado irin wannan zaɓin masu gida ne, su suka san yadda suke so ɗakinsu ya kasance. Nawa aikin shi ne in auna nauyin abin da zan kai.

A nan ne kalmar "biki" take da darasi. Ma'anarta ta farko shagali ne, ta biyu kuwa ita ce kuɗi ko kayan da mace take kai wa ƙawarta ranar hidima, da sanin cewa in tata hidimar ta zo za a mayar mata da abin da ya fi, sau da yawa ninki. Haka abin zai yi ta hawa har ya yi wa ɗayarsu nauyi, sa'an nan su daidaita, su sake farawa daga ƙasa. Matan da suka tsara wannan sun fahimci cewa kyauta tsakanin tsara bashi ce mai daɗin ɗauka, matuƙar ba ta fi ƙarfin wuya ba. Hausawa suka ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. An fi kawo wannan karin magana domin a ce kowa ya tsaya cikin irinsa, har na taɓa jin an kafa hujja da shi a kan cewa Musulmi ba shi da abin yi a gidan Kirista ranar bikinsa. Ni kuwa abin da nake gani a cikinsa maganar nauyi ce. Akushi itace ne mai kauri, ƙwarya ɓawon duma ce marar nauyi, in an haɗa su a kaya ɗaya mai ƙarfin ne yake fasa marar ƙarfin ko bai yi niyya ba.

Maƙwabcina tela ba ya karɓar alheri ya kwana da shi. Na san halinsa: duk abin da ya shiga gidansa daga gidana a Disamba, sai ya rama shi da ɗinkin kayan sallar 'ya'yana kyauta, a makon da teloli ba sa barci. In na kai masa kayan jika 30, wato sefa 30,000, na sayi dararensa uku ko huɗu ke nan ba da shawararsa ba. Don haka nakan tsaya a abin da bai wuce jika 5 ko 6 ba: zabi biyu, ko kilishi da ɗan sukari, ko wani abin amfanin ɗaki. Abokiyar aikina kuma nata ma'aunin daban ne. In na rage hannu ƙwarai, ya zama raini. In na aika mata buhun shinkafa, ya ɗauki kamannin sadaka, alhali ba ta roƙe ni ba. Abin da ya dace da ita shi ne wanda zai nuna an zauna an yi tunaninta, kamar tabarmar kaba ta Madawa mai kyan saƙa, ko tulun Mirya da zai zauna a barandarta. Gwaggo kaɗai ce ba na auna mata, domin abin da ɗa ya kai wa uwa gaisuwa ce, kuma ba a biyan gaisuwa sai da albarka.

Cikin kayan gida duka, wanda na fi mayar da hankali a kansa shi ne mazubin abinci, saboda shi ne yake fita ƙofa. Ranar Kirsimeti tun da hantsi yara suke fara zirga-zirga a unguwa, ɗauke da shinkafa da miya, da soyayyen nama, da cincin, suna kai wa gidajen maƙwabta. Ranar Layya kuma hanyar ta juya, nama ya fito daga gidajenmu ya shiga nasu. Mazubin da ake wannan aike da shi ya sauya sau da yawa. Kakanninmu da ƙwarya da akushi suka yi, a rufe da faifai. Daga wajen tsakiyar ƙarni na 20 kwanon langa mai zanen furanni ya karɓe jeren ɗakin amarya, tare da fanteka da samira. Yau kula ce take mulki, domin tana riƙe zafi, abin da ake bukata a hunturu, lokacin da iska take sanyaya tuwo kafin yaro ya tsallaka titi. Amma ladabin bai sauya ba: a gidanmu kwano ba ya komawa wayam. A wanke shi, a saka wani abu a ciki ko da sabulu ne ko ƙwayar goro, a miƙa wa ɗan aike tukwicinsa, tun da an ce yaba kyauta tukwici.

Gwaggo ce ta koya mini wannan ma'aunin. Wata shekara na tambaye ta ko tana son irin farantan tangaran ɗin nan masu bakin zinariya da ake jerawa a kabad.

Ta ce, "Ɗana, ni da na kusa saba'in, me zan yi da abin kallo? Kawo mini abin da zan zuba abinci in aika gidan Liman, ya je ya dawo bai fashe ba."

Na ce, "To, Gwaggo. Babba ko madaidaiciya?"

Ta ce, "Wadda yaro ɗan shekara bakwai zai iya ɗauka."

Tun daga ranar, in na tsaya gaban mai kuloli, abu huɗu nake dubawa. Murfi ya kama gam, domin ƙurar hunturu ba ta jin roƙo. Mariƙi ya yi daidai da hannun yaro. Ciki ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda manja ba zai rina ba. Sa'an nan gindinta ya zama da filin da uwar gida za ta sa alamarta da jan farce, domin ranar biki kuloli goma masu kama ɗaya za su iya haɗuwa a tsakar gida guda. Ita kuma Gwaggo, kowace shekara mahauci Musulmi take kira ya yanka mata abin da za ta dafa, don kada wani maƙwabci ya karɓi kwanonta da hannu zuciyarsa tana ɗari-ɗari. Ba wanda ya ɗora mata wannan. Ita ma auna nauyi take yi daga nata ɓangaren.

Bayan kula nakan haɗa mata da bargo, da man kaɗanya saboda faso, da turaren wuta. Turaren yana da dalili. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, sura ta 2 ta Matiyu ta ba da labarin masanan da suka zo daga gabas da kyautai uku: zinariya da lubban da mur. Lubban ƙaro ne na wata bishiya 'yar'uwar hano, mur kuma na wata 'yar'uwar dashi, wanda manomanmu suke dasawa su yi shinge. Ke nan ƙunshin turaren da ake sayarwa a kasuwannin ƙauyukanmu ya fi kusa da asalin labarin fiye da yawancin abin da jirgin ruwa ya kawo. Abubuwan ibada kuwa, kamar gicciye ko hotunan coci, ba na saye, domin wannan fili ne na masu shi. Ɗalibi ya kuma lura: abin wuyan azurfa da Turawa suke kira gicciyen Agadas ado ne na maƙeran Abzinawa, ba alamar coci ba ne.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan dogon lissafi a kan kwano ya yi yawa. Wanda ya zauna a Nijar a watan Janairun 2015 ba zai faɗi haka ba. Ranar 16 ga wata a Damagaram, washegari kuma a Yamai, zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci da dama, aka yi asarar rayuka. A unguwarmu, iyalin tela a tsakar gidanmu suka kwana, matarsa a ɗakin matata, yaransa a kan tabarma ɗaya da nawa. Ba a yi shawara ba, ba a aika takarda ba. Yaran ne suka shigo da gudu, domin ƙafarsu ta riga ta san hanyar: sau nawa suka bi ta ɗauke da kula. Da Disambar wannan shekarar ta zo, na zuba ido in ga ko kwanon zai fito. Ya fito da hantsi kamar kullum, kuma mun mayar da shi da abu a ciki. Malaman fiƙihu suna da maganganunsu a kan iyakar wannan mu'amala, ina kuma girmama su. Abin da na gada daga mahaifina shi ne hakkin maƙwabci da na jini, kuma bai taɓa barin Disamba ta wuce bai aika wa ƙanwarsa wani abu ba.

Saura abu ɗaya wanda kasuwa ba ta sayarwa. Yanzu mutum yana iya tura kuɗi ta waya, ya bi su da saƙon taya murna, ya ɗauka ya sauke nauyi. Wannan ya isa ga wanda yake nesa. Ga wanda katanga ɗaya ta raba ku kuwa, zumunta a ƙafa take. Nakan aika yara da kaya da safe, da la'asar in taka da kaina, in yi sallama, in zauna ko da na minti goma ne, in sha ruwan gidan. Gwaggo kuma nakan yi mata tafiyar Maraɗi a cikin hutun, in durƙusa in gaishe ta, ta dafa kaina.

Ga ɗalibanmu na Garwa da Kumasi da Njamena da sauran wurare, ga ɗan aiki na hutu. Kowa ya sami tsohuwa ɗaya a unguwarsu, ya tambaye ta sunayen kyaututtukan da ta sani, da wanda ake ba kowace, da abin da ake mayarwa. A rubuta kalmomin yadda ta furta su, kada a gyara mata kari. Za ku tarar da wasu kalmomin da ba mu ambata a nan ba, da wasu da ma'anarsu ta sha bamban da ta Yamai. Masu bikin kuma, barkanku da Kirsimeti. Allah Ya maimaita mana.