Ɗorin Wake-wake

A shekarar da aka yi canjin kuɗi, 1984, ina 'yar shekara tara, kuma duk dukiyata a duniya sagara ce guda, wake-wake, wadda kakata Iya ta ba ni. Ƙauyenmu yana kusa da Malumfashi, lokacin muna Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke Katsina. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, tun kafin bazara rumbuna suka yi ƙasa, ko tsakin da ake watsa wa kaji sai an auna.

Ni na karya sagarar. An gama daka da yamma, aka ce in mirgina turmi zuwa gindin bango. Ya fi ƙarfina, ya kuɓuce, ita kuwa tana ƙasa tana tsintar abin da ya zube. Har yau ina jin kukan da ta yi. Da na ɗaga ta, ƙafarta ta hagu tana reto daga ƙasan gwiwa, fatar ta ɗan tsage, jini na tsattsafowa.

Baba ya leƙo daga zaure ya duba, ya ce, "A miƙo wuƙa, kada ta zama mushe." Ba mugunta ba ce. Haka ake yi a kowane gida, musamman a shekarar da mutane ma ba su ƙoshi ba, balle a ciyar da kazar da ba za ta iya nema wa kanta ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kowa ya san wannan. Amma Iya ta ajiye mazarinta ta ce, "Kai, dakata. Kazar kishiyata ce, ba taka ba." Ta juyo gare ni. "Kishiya, a yanka ko a ɗora?" Kuka ya hana ni magana, sai na ƙanƙame kazar. Baba ya koma zaure bai ƙara cewa komai ba. A gidan Bahaushe kajin mace nata ne, ko da macen ba ta fi shekara tara ba.

Iya ta sa na kawo karan dawa busasshe. Ta ɓare ɓawonsa, ta yanka sili huɗu daidai tsawon ɗan yatsa, ta kankare bakinsu don kada su soki fata. Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta shafa man kaɗanya. Ni na riƙe fukafukai, na rufe kan kazar da gefen zanena, ta yi lamo, sai bugun zuciyarta nake ji a tafin hannuna. Iya ta ja ƙafar a hankali, tana lalube da babban yatsa har ƙashin ya haɗu, ta naɗe da audugar da take kaɗi, ta jera silin karan kewaye, ta bi da tsumma, ta ɗaure da zare. Ta ce in riƙa taɓa yatsun safe da yamma: in sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya matse, a sassauta.

Ɗorin bai ɗauki rabin awa ba. Jinyar ce aiki. Ba a mayar da ita akurki ba, domin kaji ba sa ganin jini ko rauni a jikin 'yar'uwarsu su bar ta, caccaka za su yi ta yi har su ƙarasa ta. A ɗakin Iya muka kife ta da kwando, a kan ƙaiƙayi, da sakainar ruwa a gabanta. Kwana biyun farko ta ƙi cin komai, sai in buɗe bakinta in ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan, in tura jiƙaƙƙen tsaki. Iya ta koya mini tarkon gara: a cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri da yamma, da sassafe a ɗauko kafin rana ta yi zafi. Ranar da na zazzage mata garar farko ta miƙa wuya ta cafke da kanta, na ruga tsakar gida ina faɗa wa kowa. Tunda ba ta iya birgima, ƙwarƙwata ta taso mata, sai in riƙa cusa mata toka mai sanyi a ƙarƙashin fukafukai.

Bayan mako uku aka kwance. Ƙashin ya kama, amma a karkace, da ɗan ƙulli a wurin. Sai a lokacin na gane abin da Baba ya hango. Kaza tana tsayawa ne da ƙafa ɗaya ta yi tono da ɗayar. Tawa in ta gwada sai ta kife. Ba ta hawa danga, ba ta tsere wa kowa. Abincinta ya dawo wuyana, kuma sau da yawa daga tuwona nake gutsuro mata.

Da damina ta sauka ta yi ƙwai, ta fara kwanci. Iya ta kwashe nata, ta sa mata ƙwan zabi goma sha biyu. Zabuwa a daji take zuba ƙwai, ba a cika dogara da kwancinta ba, shi ya sa ake ba kaza. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai ya kusa 28, kuma kaji da yawa sukan gaji su tashi. Gurguwata ba ta da inda za ta. Ta zauna daram har ta ƙyanƙyashe tara. 'Ya'yan sun fi ta sauri tun suna kwana uku, amma in inuwar shirwa ta gifta, ta yi wannan kukan na gargaɗi, sai su dawo a guje su shige ƙarƙashinta. Shida suka girma. Da kuɗinsu Iya ta cika ta saya mini 'yar akuya.

Hunturun shekara ta biyu ciwon kaji ya shigo ƙauyen, wanda yakan sa su zawo da murɗewar wuya. Mun jiƙa ɓawon maɗaci, mun zuba barkono a ruwa, bai hana komai ba. A lokacin ba mu san akwai rigakafin da ake yi a Vom ba, wanda yanzu nake ɗiga wa kajina a ido kafin sanyi ya shigo. Cikin mako guda akurki ya zama kango. Ita ce ta kusa ƙarshe. Na same ta da asuba a bakin ƙofar Iya, inda ta saba kwana tun jinya, ta riga ta sandare. Na tona rami a bayan rumbu. Kafin in rufe na shafa ƙullin nan na ƙafarta, yana nan da tauri kamar ƙwallon magarya.