Gwaji Tukuna, Sannan Magani

'Ya'yana, tun da na bar aikin jinya ake biyo ni zaure da takardun asibiti, a ce, "Baba, duba mana, an ce daji ne. Wane magani za mu saya?" Amsata ba ta yi wa kowa daɗi, domin nakan ce a fara gano abin da ke ingiza ciwon. Ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku dalili.

Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne bila adadin, kuma lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa biyu don ta ga dama. Sai an aiko mata. Saƙon yakan sauka a kan wani furotin da ke bakin ƙwayar, shi ya miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa gaba, har ya kai tsakiya inda bayanan gado suke. Kamar dai yadda umarni ke fitowa daga fadar sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sannan a yi shela. Akwai umarnin a hayayyafa, akwai na a dakata, har da na "kin lalace, ki mutu". Daji yakan kunno kai ne idan wani dagaci a tsakiyar hanya ya shiga ba da umarnin hayayyafa dare da rana, babu wanda ya aike shi, kuma ba ya jin a bari.

Kemo da kuka sani yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, mai laifi da marar laifi, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. Har gobe yana ceton rayuka, kada wani ya raina shi. Amma masana sun daɗe suna neman abin da zai rufe bakin mai ɓarnar shi kaɗai.

A 1960, a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani guntun kuromosom a jikin masu wata sankarar ɓargo da likitoci ke kira CML. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure, kuma daga wannan haɗin ake samun furotin BCR-ABL, wanda ba ya shiru ko na minti ɗaya. Sai a 2001 aka amince da imatinib, ƙwayar da kamfanin Novartis ke sayarwa da sunan Glivec, wadda ke toshe shi. Shekara 41 tsakanin ganin guntun kuromosom ɗin da samun maganin ciwon! Cutar da a da takan ci mutum cikin 'yan shekaru, yau ana tsufa da ita.

Na san wani mai sayar da yadi da ya kamu da ita. Saifarsa ta kumbura har ta wuce cibiya, loma biyar ta tuwo ta ishe shi, da dare gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Aka tura shi asibitin koyarwa na Ile-Ife, inda aka daɗe ana raba wannan magani kyauta ta wani shiri na Novartis da gidauniyar Max. Cikin 'yan watanni ciki ya sace, ya koma rumfarsa yana auna shadda, har ya yi tumbi. Sai dangi suka fara: "Alhaji, ai ka warke. Mutum ya yi ta haɗiyar ƙwaya har abada?" Ga nisan hanya, ga kuɗin mota. Ya fara tsallake rana, daga baya ya ajiye gaba ɗaya. Da ya dawo, zazzaɓi ba ya sauka, dasashi na zubar da jini, ciwon ya rikiɗe zuwa mai tsanani, ƙwayar kuma ta daina kama shi. Allah Ya jiƙansa.

Ku fahimci abin da ya faru. Maganin yana hana furotin ɗin magana ne, amma 'yan ƙwayoyin cutar sukan saura a ɓargo. Da zarar an ɗaga musu ƙafa sai su yaɗu, kuma a cikin masu yaɗuwar akan sami wadda furotin ɗinta ya sauya siffa, magani ya zo ya rasa inda zai maƙale. Akwai wasu magunguna da aka yi don irin wannan, su dasatinib da nilotinib da ponatinib, amma kuɗinsu ba na talaka ba ne. Akwai waɗanda ake dakatar musu da maganin, sai dai likita ne ke yanke wannan, bayan shekaru ana awon jini.

Ku 'yan mata, ga taku. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce, ko da ƙululun ya yi kama. Wata, sinadarin mata da ake kira estirojin ke ciyar da ita; mai wannan akan ba ta tamoxifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi, ta sha shekara 5, wani lokaci har 10. Wata kuma furotin HER2 ne ya yi mata yawa, kusan mace 1 cikin 5 masu ciwon. Dennis Slamon ya nuna haɗarinsa a 1987, a 1998 aka fito da trastuzumab, wato Herceptin, da ake yi kamar shekara guda ana duba zuciya. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, maganinta kemo da tiyata da gashi da na'ura. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Shikago, ya nuna wannan ta ƙarshe ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Na ga gidan da aka sayar da gona aka sayo Herceptin saboda matar maƙwabci ta sami sauƙi da shi. Da gwaji ya fito, baiwar Allah ba ta da HER2 ko kaɗan. Gona ta tafi, allura ba ta da abin yi a jikinta.

Gwajin kuwa ba ya yiwuwa sai an ɗebi 'yar tsoka daga ƙululun, kuma nan ne mutanenmu ke tirjewa, wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta kashe mata da yawa. Ba allurar ɗibar tsoka ke watsa ciwo ba, watannin da ake kwashewa ana shafe-shafe da turare ne ke ba shi damar kai wa hamata da ƙashi da huhu.

Kada kuma ku ɗauka kowane daji an samo masa irin wannan ƙwaya. Furotin KRAS tun shekarun 1980 aka san ɓarnarsa, amma sai 2021 aka sami maganin farko, shi ma ga nau'i guda. Saboda haka duk mai tallar kwalba a Facebook yana cewa tana kashe daji kowane iri, aljihunku yake so.

In aka ce wani naku na da wannan ciwo, ku raka shi a ɗebi tsokar, ku karɓi takardar sakamakon ku adana ta, ku tambayi likita abin da aka gani a ciki kafin ku taɓa kadara. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya kuma, a sa mutum ɗaya a gida ya riƙa ƙirga masa ita, a koma karɓo wata tun saura mako biyu ta ƙare.