Dutse Daga Kan Dabino

Mu huɗu ne, 'yan aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma son ɗaukar hoto da waya ne ya haɗa mu. Mun ɗauki duwatsun Garu, can wajen fadar Sarki, har mun gaji. Tun da garin nan ya zama hedikwatar Jigawa a 1991, kusan hoto iri ɗaya baƙi ke komawa da shi: mutum a tsaye a ƙasa, dutse ya yi masa rumfa. Mu kuwa so muke mu ga garin yadda shirwa ke ganinsa. Kuɗin jirgi maras matuƙi ba mu da shi. Sai ɗayanmu ya ce, ai ga dabino nan ko'ina, Allah ya yi mana tsani.

Muka haɗa kuɗi muka shiga kasuwa. Muka sayi shuɗiyar igiyar roba irin ta guga, da ƙugiyoyi biyu masu sheƙi a wajen mai sayar da mariƙin makulli. Muka nufi wata gonar dabino a bayan gari muna ji da kanmu.

A can muka tarar da wani dattijo yana saukowa daga kan dabino. Hawa sana'arsa ce. Dabino akwai mace akwai namiji, kuma in ana son 'ya'ya sosai sai an hau an sa wa macen furen namijin da hannu, daga baya a sake hawa don yanka. Igiya ɗaya ta kewaye bayansa da jikin bishiyar, ya jingina a kanta, ƙafa ba takalmi, yana taka guntayen tsofaffin rassa kamar matakala. Muka gaishe shi, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Ya karɓi igiyarmu ya murɗa ta, sai ga wani gari-gari yana zuba a tafinsa.

"Rana ta riga ta cinye wannan tun a rumfar mai ita," in ji shi. "Kuma ta guga ce, 'ya'yana. In ta tsinke, guga ne ya faɗa rijiya. Ku fa?"

Ba wanda ya amsa.

Bayan mako biyu muka dawo da yayan wani abokinmu, wanda aikinsa hawa turakun sadarwa. Shi ya koya mana duba kaya. Ƙugiyar hawa ta gaske tana da marfin da ake murzawa ya kulle, kuma a jikinta an buga lamba da haruffan kN. Kowane kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne, kuma wadda za ka ba amanar ranka ba ta yin ƙasa da 20 a tsayenta. Namu ba lamba ko ɗaya, sai wani ɗan rubutun Turanci da ke cewa ba na hawa ba ne. Mu 'yan jami'a, ba mu ko karanta ba! Igiyar hawa kuwa kaurinta milimita 11 zuwa 13, tana da riga a waje da zare a ciki, kuma a inuwa ake ajiye ta. Ɗamara dole ta kama ƙugu da cinyoyi. Igiya tsirara a ciki, in ka zame, haƙarƙari za ta matse. Sai hular kwano mai maɗaurin haɓa, da tabarau, domin gindin ganyen dabino ƙaya ce zalla, wata ta fi yatsa tsawo. Ita ma wayar a ɗaure ta da zare a jikin ɗamara. Mai hoto hannu biyu yake saki, shi ya sa yake bukatar maɗauri biyu, kada ya kwance ɗaya sai ɗayan na riƙe da shi.

Mun so mu gwada kuka, Baba ya hana. Jikinta santsi, itacenta taushi, ga zuma a kogo. Ya kuma tsallake wani dogon dabino saboda wayar lantarki na kusa da shi.

Abin da bai taɓa zo mana a rai ba shi ne maƙwabta. Kafin kowa ya taka bishiya, Baba ya aiki yaro gidajen da ke gefen gonar a shaida musu za a hau sama. Daga can tsakar gidan mutane a buɗe take. Ya ce waya ta kalli duwatsu, in ta juya wajen gidaje shi da kansa zai sauko da mai ita.

Shi ya fara hawa, ya ɗaure igiyar kariya a wuyan bishiyar, yayan abokinmu ya riƙe ƙarshenta a ƙasa. Mutum ɗaya cikinmu ya hau, bai kai rabi ba gwiwarsa ta fara rawa. Ƙannenmu na sakandare, ku lura: manya biyu masu sana'ar ne suka tsaya a kansa, da kayan da aka yi don hawa. In ba ku da waɗannan, duwatsun garin ma suna ba da tsayi, ku je tare da babba.

Ya sauko da hotuna goma sha ɗaya, takwas sun girgiza. A cikin ukun da suka fita akwai wanda rana ta fito ta bayan wani dutse, kawunan dabino sun jeru a gabansa. Muka nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, ya ce shekara da shekaru yana ganin wannan kowace safiya, sannan ya tambaya ko za a iya wanke masa ɗaya a kati.